Gurbin Ido Da Hanyar Wata

Uwata, mahaifiyarki ta gaya mini kin samu makarantar koyon aikin jinya, bayan Sallah za ki tafi. Na gode wa Allah ƙwarai. Tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata bakina bai taɓa iya kiran sunan ba, kuma ban taɓa iya ɓoye miki magana ba. Akwai wata da nake riƙe da ita kusan shekara 40, ko 'ya'yan cikina ban ba su ita a cike ba. Ke zan ba, domin aikin da za ki shiga, kafin ya zama na allura da bandeji, aiki ne na takarda da kalma. Maganar kuwa a kan kalmar Turanci ce guda ɗaya mai harafi 5, wato orbit.

Kin san labarin ƙasa na koyar a sakandare har na yi ritaya. Duk shekara sai na rubuta kalmar nan a allo, in zana rana a tsakiya, in zana hanyar da duniya ke bi tana kewaya ta, in ce wa yara ga orbit nan, shi ne malamanmu na zaure ke kira falaki. Na rubuta ta har na ɗauka babu wani abu a cikinta da ya saura mini.

Wata shekara, ana saura kwana 10 Sallah, maƙwabcina maɗinki ya yi mini sallama bayan magariba, da takarda a hannu, da ɗansa a bayansa. Yaron bai fi shekara 12 ba. Wajen ƙwallo wani ya buge shi da gwiwar hannu a idon hagu, ya yi ta amai, aka kai shi wani ƙaramin asibiti, likita ya duba shi ya rubuta takarda. Layin marasa lafiya ya yi tsawo, uban bai fahimci abin da aka faɗa masa ba, kunya kuma ta hana shi sake tambaya. Ya ce, "Malam, ku ne idonmu a unguwar nan. A duba mini, abin na gaggawa ne, ko zai iya jira in sauke ɗinkin mutane?"

Na kai takardar kusa da fitila. Rubutun likita kin san yadda yake. Abin da na iya tsinta shi ne wata alama mai layi biyu a tsaye biyu a kwance kamar gidan dara, sai kalmar da ke nufin daɓen ɗaki, sai harafin L, sai orbit. A ƙasa kuma an rubuta a kai shi babban asibitin ido. Alamar ban san ta ba, sai na tsallake ta. Sauran kuwa na haɗa su da abin da ke cikin kaina: yaro ya faɗi a daɓe, ga kuma kalmar kewayawa, ke nan jiri yake ji, duniya na juya masa. Na dubi idon, fari tas, babu jini, kumburin ma kaɗan ne. Na ce wa uban jiri ne na faɗuwa, ya bari a yi Sallah, in bai daina ba sai a je. Ya yi mini godiya har da durƙusawa.

Sai bayan mako 3 suka je. A can aka gaya musu ƙashin da ido ke zaune a kansa ne ya tsage, tsokar da ke ƙarƙashin idon ta maƙale a cikin tsagar, kuma aiki ne da ake so a yi cikin kwana ɗaya ko biyu. An yi aikin, amma tsokar ta riga ta ji jiki. Yaron nan yau magidanci ne da 'ya'yansa, kuma har gobe in ya ɗaga ido sama abu ɗaya biyu yake gani. In zai dubi liman a kan mumbari, kansa gaba ɗaya yake ɗagawa. Ina ganinsa duk Juma'a. Ubansa har ya koma ga Allah bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa yake ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma na san abin da bakina ya faɗa a daren nan, kuma na san "ban sani ba, mu je mu tambaya" ba ta fi ƙarfin harshena ba. Girman da aka ba ni ne ya hana ni faɗinta.

Daren da suka dawo da labarin na ɗauko ƙamus, abin da ya kamata in yi tun farko, yana nan a kan kanta bai fi taku 3 daga inda na zauna ba. Na tarar kalmar da nake koyarwa tana da wata ma'ana da ban taɓa ji ba: kwarmin ido, wato ramin ƙashin da ƙwayar ido ke zaune a ciki. Daga baya na gano wannan ma'anar ce ma ta fara shiga Turanci, ta riga ta taurari. Alamar da na tsallake kuwa, ita likitoci ke sawa a maimakon kalmar karaya. Abin da takardar ta ce a fili shi ne: karaya a daɓen kwarmin idon hagu.

Asalin kalmar Latin ne, harshen Rumawan dā. Suna da orbis, wato zobe ko duk wani abu kewayayye kamar faifai. Daga ita suka fitar da orbita, sawun da ƙafar keken doki ke bari a hanya. Kin ga hanyar gonarmu da damina, yadda tayar amalanke ke cin ƙasa har ta yi kwari biyu, duk wadda ta biyo baya dole ta faɗa ciki? To shi ne orbita. Masu ilimin jiki suka dubi kewayayyen ramin da ke cikin ƙoƙon kai suka ba shi sunan. Masu ilimin taurari suka dubi wata yana bin hanya ɗaya ba ya saki, su ma suka ba ta sunan. Kowa ya ja kalmar zuwa sana'arsa, ni kuwa ɓangaren sana'ata kaɗai na sani, na ɗauka shi ne duka.

Tunda wannan ma'anar ce za ki fi cin karo da ita, bari in gaya miki abin da na koya a kanta, don tun daga lokacin ban bar wani littafin jiki da ya zo hannuna ba. Hausawa sun ce gurbin ido ba ido ba ne, kuma a asibiti maganar nan gaskiya ce tsantsa. Ƙasusuwa 7 ne suka haɗu suka gina kwarmin, bakinsa da faɗi, yana tsukewa ta ciki. Ƙwayar ido ba ta cika ko rubu'insa sosai ba, sauran wurin kitse ne da jijiyoyi da tsokoki 6 masu juya ido dama da hagu, sama da ƙasa. Bakin kwarmin ƙashi ne mai ƙarfi, ki taɓa girarki ki ji. Amma daɓensa da bangonsa na wajen hanci sirara ne ƙwarai. In abu mai faɗi ya daki ido, kamar dunƙulen hannu ko ƙwallo, sai daɓen ya fashe, sau da yawa ƙwayar idon ta tsira. Ƙashin yaro kuwa ɗanye ne, yakan buɗe ya koma ya rufe kamar ƙyaure, ya datse tsoka a ciki. Shi ya sa idon yaro kan zama fari kamar babu komai alhali aikin na gaggawa ne. Alamominsa su ne amai, da kasa ɗaga ido sama, da ganin abu biyu, wani lokaci da mutuwar kunci da leɓen sama na gefen. Kuma ana hana mai irin wannan rauni fyace hanci, don iska na iya bi ta tsagar ta cika kwarmin. Duk alamomin nan, ban da mutuwar kunci da leɓe, suna jikin yaron da ya tsaya a zaurena.

Kada wannan ya sa ki ɗauka na tsani ɗaya ma'anar. Ita ce ta ciyar da ni, kuma har yau in na fito tsakar gida da dare ina jin daɗinta. Kalmar falak ta zo a Suratul Anbiya'i da Suratu Yasin, malamanmu sun daɗe suna lissafin manzilolin wata, ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duniya tana kewaya rana cikin kwana 365 da kusan rubu'i, tana gudun kilomita 30 a kowace daƙiƙa, ke kuwa kina zaune ko mayafinki bai motsa ba. Wata yana gama kewaya duniya cikin kwana 27 da sulusi, amma daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, domin kafin ya dawo duniya ta yi gaba a tata hanyar, sai ya ƙara tafiyar kwana 2 kafin ya sake daidaita da rana. Ki ninka 29 da rabi sau 12, ki samu 354. Ga dalilin da ya sa azumi ke matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, ya ratsa bazara da sanyi da damina, ya koma inda ya faro bayan shekara 33 ko kusa. Ni na ga ya zagayo sau biyu.

Akwai abin da ɗalibaina ba sa yarda da shi sai na nuna musu a littafi. A farkon Janairu, lokacin da hunturu ke tsaga mana leɓe, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147. A farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Sanyi da zafi ba daga nisa suke zuwa ba, daga karkatar duniya ne, da take a gicciye da digiri 23 da rabi. Nisan kuwa yana canzawa ne don hanyar ba da'ira ce cikakkiya ba, tana da ɗan tsawo. Nakan fita da yara fili in kafa turke biyu, in zarga musu igiya mai sako-sako, in sa tsinke in ja igiyar ta miƙe, in zagaya. Siffar da ta fito a ƙasa ita ce hanyar, rana kuma tana zaune a gurbin turke ɗaya, ba a tsakiya ba.

Mutumin da ya gano haka shi ne wanda na fi tunawa in na tuna daren takarda. Sunansa Johannes Kepler, Bajamushe. Ya gāji ma'aunan da maigidansa Tycho Brahe ya yi shekaru yana tarawa a kan jan tauraron nan da Larabawa ke kira Mirrikh, Turawa ke kira Mas. A zamaninsa manyan masana duk sun tafi a kan cewa abin sama ba ya bin komai sai cikakkiyar da'ira. Kepler ya yi lissafi a kan haka, ya kusa dacewa, saura wani ɗan bambanci da bai fi rubu'in faɗin wata ba yadda ido ke ganinsa. Da ya so sai ya ce kuskuren mai awo ne ya wuce. Ya ƙi. Ya rushe aikin shekaru ya sake sabo, har ya fitar da gaskiyar a 1609. Shi ɗan abin da bai dace ba ne ya tsayar da shi. Ni kuwa alama sukutum na gani a farkon layi, ban san ta ba, na tsallake ta don sauran su dace da abin da na riga na sani. In kika ga abu ɗaya a takardar majiyyaci wanda bai shiga cikin fassararki ba, Uwata, fassarar ce ba ta yi ba. Ki tsaya a nan.

Ina ɗan firamare aka fara jin kalmar a rediyo da sabuwar fuska. Ran 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, yana zagaya duniya cikin minti 96. Ran 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya zagaya ta sau ɗaya, tafiyar duka minti 108. Ran 20 ga Fabrairu 1962 Ba'amurke John Glenn ya zagaya sau 3, kuma cikin tashoshin da Amurka ta kafa a faɗin duniya don bin sawun kumbonsa akwai ɗaya a Kano. Yaran yanzu da yawa ba su san haka ba. Ba su kuma san cewa a watan Agusta 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana ta waya da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kan tauraron Syncom 2 ba, muryar ta sauka ta wani jirgin ruwan Amurka da ke tsaye a gaɓar Legas. A wannan zamani ne kalmar ta bazu a matsayin aikatau, ana cewa kumbo kaza yana orbit ɗin duniya.

Abin da ke riƙe taurarin ɗan Adam a can shi ne sashen da nake so ki saurara da kyau. Isaac Newton, wanda ya fitar da babban littafinsa a 1687, ya kwatanta shi da igwa a kan dogon dutse. In ka harba dalma a hankali, ta faɗi kusa. In ka ƙara ƙarfi, ta faɗi nesa. In ka ƙara sosai, sai ta yi ta faɗuwa, ƙasa kuma tana lanƙwashewa a ƙarƙashinta, ba za ta taɓa isa ba. Ke nan abu biyu ne suka haɗu: jan da duniya ke yi, da gudun da abin ke yi na kansa. Tashar sararin samaniyar nan ta ƙasa da ƙasa da mutane ke zaune a ciki tana sama da mu da kimanin kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaya duniya cikin awa ɗaya da rabi, mazaunanta suna ganin fitowar rana sau 16 a yini. Duk da haka 'yar iskar da ta rage a can tana rage mata gudu, dole lokaci-lokaci a kunna inji a ɗaga ta. Sputnik da ba shi da inji wata 3 ya yi, a Janairu 1958 ya gangaro ya ƙone. Wanda kuma aka kai kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, zagayensa yini guda ne cif, daidai da juyawarta, sai ya zama kamar a tsaye yake. Shi ya sa farantin talabijin ɗin gidanku tun da aka ɗaure shi yake kallon waje ɗaya. Nijeriya ma ta shiga sahu, an harba mata NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumba 2003.

Turawa sun ɗauki wannan hoto sun ɗora wa mutane. In suka ce wane yana cikin orbit ɗin wane, suna nufin a kewayensa yake rayuwa, janyowarsa ce ke juya shi. A jaridun zamanin yaƙin cacar baka haka ake cewa Foland da Hangari da Cekoslobakiya suna cikin na Mosko, har ana kiransu da sunan taurarin da ke bin babba. Da Hangari ta nemi fita a 1956, tankokin yaƙi aka tura mata. Mu ma muna da kalmominmu, barantaka da fadanci da zaman ƙofar gida, kuma ba duka ne abin ƙi ba. Almajiri a gaban malami yake zama, ɗan koyo a gindin maigidansa, ni ma a kewayen wani dattijon hedimasta na koyi aiki, Allah Ya jiƙansa. Babu mai rayuwa ba tare da wani ya ja shi ba.

Amma na ga abin da ke faruwa ga wanda ya bar gudun kansa. Muna da wani abokin aiki, malamin lissafi da babu kamarsa a makarantarmu. Wani mai kuɗi ya shiga siyasa ya ja shi jiki. Da farko bayan an tashi yake zuwa, sannan ya fara barin aji, daga baya ya ajiye alli gaba ɗaya, ya zama shi ne mai riƙe jaka, shi ne mai dariya in an yi abin dariya. Shekara 6 yana shiga mota mai sanyi. Da siyasar ta juya, maigidan ya tattara ya koma wani gari, bai ko yi masa sallama ba. Ya nemi komawa aji, an cike gurbinsa, lissafin ma ya yi tsatsa. Na je gaishe shi a rashin lafiyarsa ta ƙarshe, ya riƙe hannuna ya ce da ya sani da bai saki allin ba. Ba kusantar babba ce ta kashe shi ba, sakin sana'arsa ne.

A asibiti za ki tarar da manya masu janyowa: babban likita, shugabar ma'aikatan jinya, mai kuɗin da ya kwanta a ɗaki na musamman. Ki girmama su, ki koya daga wanda ya iya, ki yi gaisuwa yadda aka koya miki a gida. Amma ki riƙe karatunki da hannunki da mutuncinki, su ne gudunki. Kuma lokaci-lokaci ki tambayi kanki wa ke tsakiyar zagayen da kike yi a ɗakin nan. In amsar ba majiyyacin da ke kan gado ba ce, to kin saki hanya, ko da kowa yana yaba miki.

Ƙaninki ne ya gaya mini wata sabuwar ma'ana da matasan Turawa suka ƙirƙiro a 'yan shekarun nan. Wai saurayi ya daina kira, ya daina amsa saƙo, amma duk hoton da yarinya ta sa a WhatsApp ko Instagram shi ne farkon gani, bai zo ba, bai tafi ba. Shi ma da kalmar nan suke kiransa. Da na ji sai na ce sun sa suna daidai, domin abin da ke zagaye ba ya sauka. Kin kai munzalin da zan gaya miki wannan ba tare da kunya ba: mai sonki da gaskiya ƙofar gidan mahaifinki zai zo, ya turo magabatansa. Wanda ya tsaya a leƙe daga nesa, kada ki hana kanki barci dominsa, kada kuma ki kori mai sallama saboda shi.

Sauran ma'anonin ba sa buƙatar dogon zance. A darasin kimiyyar sinadarai an koya muku orbital. Niels Bohr ne a 1913 ya zana ƙwayar zarra kamar rana da taurarinta, daga baya aka gane lantarkin da ke cikinta ba ya bin sawu ɗaya, sai dai a ce ga yankin da aka fi sa ran samunsa, aka ɗan sauya kalmar don a nuna bambancin. Hanyar motar da ta zagaye Landan, mai kimanin kilomita 188, da wannan suna ake kiranta. Mai kula da sauka da tashin jirage yakan ce wa matuƙi ya yi orbit, wato ya yi zagaye a sama ya jira. In Bature ya ce farashi ya shiga orbit, ya yi tashin gwauron zabo ke nan, in kuma mutum ne, ransa ya ɓaci matuƙa. Har cingam akwai mai sunan. Wanda ya haddace ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya, zai yi rantsuwa ya san kalmar, kuma zai yi kaffara.

Ba Turanci kaɗai ke da wannan hali ba, don kada ki ce sharrin harshen wasu ne. Ki ɗauki ido a namu harshen. Akwai idon gani, akwai idon ƙafa, akwai idon ruwa inda marmaro ke ɓuɓɓugowa, akwai idon sani, akwai idon gari. Baƙon da ya koyi ido ɗaya aka ce masa idon sawun yaro ya gurɗe, fuska zai duba. Mu ba ma ruɗewa don mun tashi a ciki, muna jin kalmar tare da maƙwabtanta. A harshen da aka koya a aji kuwa, kowace kalma da ma'ana ɗaya malami ya ba mu ita don mu ci jarrabawa, ni ma haka na ba ɗaruruwan yara. A makarantarku za ki sake haɗuwa da kalmomin da kika sani tun firamare sun sa wasu kaya. Wadda kika sani da al'ada za ta zama shuka ƙwayar cuta a ɗakin gwaji. Wadda kika sani da abu mai kyau, in ta fito a sakamakon gwajin jini, sau da yawa labari ne mai nauyi. Baƙuwar kalma ba ta cika cutarwa ba, don ita dole ki tambaya. Wadda kika saba da ita ce abar tsoro.

Na sa an sayo miki ƙamus na aikin likita, yana wurin mahaifiyarki tare da ɗan abin da na samu na guzuri. Ki buɗe shi ko a kan kalmar da kike ganin kin sani. In malama ta faɗi abin da bai shige ki ba, ki ɗaga hannu ko da 'yan aji za su yi dariya. Ranar da aka kawo miki takarda daga unguwa, don za a kawo, tun kina shekarar farko za a fara ce miki likita, in akwai alama ɗaya da ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, ki ɗauki mayafinki ki raka su wurin wanda ya sani.

In kuma Allah Ya kai ki ranar da ke ce a bayan tebur, uba ya tsaya a gabanki da takarda a hannu da yaro a bayansa, kada ki bar shi ya fita da ita ya je neman wani malamin makaranta a unguwa. Komai tsawon layi, ki gaya masa da Hausa. Ki sa yatsa a ƙashin da ke ƙarƙashin idonki ki nuna masa wurin, ki faɗa masa asibitin da za shi da ranar da za shi, sannan ki ce ya maimaita miki kafin ya tashi.